Zama a bakin gado: yadda na ɗauki tarihin wata mai jego

A shekarar da muka bar ajin karatu muka koma asibitin koyarwa, aikin farko da aka ɗora mana ba allura ba ne, ba kuma ɗinki ba. Zama ne a bakin gado da biro da takarda. Kowane ɗalibi ana ware masa gadaje, duk wanda aka kwantar a kansu shi zai ɗauki tarihinsa tun daga tushe, ya rubuta, washegari ya tsaya gaban babban likita ya zayyano. Masu jinya sau da yawa haushi suke ji. Mutum na nishi, ke kuma kin zo kina tambaya ko ruwan rijiya suke sha ko na famfo. Ina ganin haushin nan a fuskoki kullum, shi ya sa nake so in ba da labarin zama guda ɗaya, don a ga inda kowace tambaya ta dosa.

Wata mai jego ce aka kwantar cikin dare a ɗakin mata. Da safe na tarar da ita a zaune, an tada kan gadon, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na hawa da sauka. Tun a ɗakin gaggawa an sa mata oksijin, an yi mata allurar fitar da ruwa. Haka tsarin yake: in numfashi ya tsananta ko jini na zuba, ba wanda zai tsaya dogon tarihi. Tambaya biyu ko uku, a ceto rai tukuna. Dogon zaman sai mutum ya iya haɗa jimla ba tare da ya tsaya neman iska ba. A gefenta akwai wata dattijuwa a kan tabarma, jariri a cinyarta.

Na yi sallama, na ce, "Sannu Gwaggo, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Kowa da sauƙi yake cewa, ko da kuwa da ƙyar aka shigo da shi. Wannan amsar gaisuwa ce, ba a rubuta ta a folda. Na gaya musu ni ɗalibar likita ce, zan yi tambayoyi masu yawa, wasu ma na sirri, kuma abin da aka faɗa ba zai wuce masu yi mata magani ba. Na nemi izinin mai jegon, ta gyaɗa kai. Na ja labule, na jawo kujera na zauna. Tsayuwa a kan mara lafiya tana gaya masa cewa sauri kake yi, shi kuma sai ya taƙaita maka.

Ana farawa da suna, shekaru, gari, sana'a, aure. A wajen shekaru muka ɗan tsaya, don ba ta sani ba. Gwaggo ta ce an haife ta ne a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano. To wannan 2000 ce, lissafi ya fita. Da tsofaffi ma haka muke yi: lokacin da aka kashe Sardauna a 1966 kin yi wayo? Da aka kashe Murtala a 1976 kin yi aure? Shekaru ba ado ba ne a takarda. Haki a jikin 'yar shekara ashirin da 'yan kai daban yake da haki a jikin mai saba'in, kuma cututtukan da za ka fara tunani ma daban.

Sai babbar tambaya: "Me ya kawo ki asibiti?" Daga nan ka yi shiru. Shirun nan shi ne abu mafi wuya a aikin baki ɗaya. A 1984 wasu likitoci biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun ɗauki muryoyin ganawar likitoci da marasa lafiya, suka gano cewa a tsaka-tsaki likita yakan katse mai magana bayan daƙiƙa 18 kacal. In haka ne a can, ina ga inda layi ya kai bakin ƙofa? Malamanmu sun sha gaya mana cewa wanda aka bari ya gama maganarsa ba ya daɗewa, wanda aka katse kuwa sai ana shirin tashi zai fito da ainihin abin da ya kawo shi.

Ta ce, "Haki ne, likita. Ga kumburi." Ta ɗage zani kaɗan, ƙafafun sun cika har gwiwa, fatar na sheƙi.

Gwaggo ta karɓe: "Sanyi ne ya shige ta. Tun da ta dawo da wanka da ruwan da bai tafasa ba."

Ban yi mata musu ba, na rubuta shi a gefe, don abin da 'yan uwa suka ɗauka shi ne ciwon yana gaya maka irin maganin da suka riga suka nema. Amma a layin koke abin da mai jiki take ji ake rubutawa, da tsawon lokacinsa: haki, kumburin ƙafa. Sunan cuta yana zuwa ne a ƙarshe.

Wani likita da ke gaba da mu ya koya mana mu riƙe abu biyar a kan kowane koke: mene ne shi, yaya ya taho har ya kai yau, me zai iya jawo shi, wace ɓarna ya yi, kuma me aka yi a kansa kafin a zo. A nan ake daɗewa. Na tambaye ta yaushe ya fara, ta ce ya daɗe. Mutanenmu ba da kwanan wata suke ajiye lokaci ba, da abin da ya faru suke ajiyewa, don haka sai ka bi ta nan. Ranar suna kina lafiya? Lafiya ƙalau, ita ma ta zagaya ta gaisa da mata. Da aka yi arba'in fa? Takalminta ya riga ya matse ta. Yaron yanzu wata uku. Ke nan kumburin ya fara tsakanin suna da arba'in.

Don a auna ƙarfin haki, littattafai suna tambayar hawa bene nawa mutum ke iya hawa. Ita gidansu ba bene. Sai na tambayi aikinta na kullum. Da farko in ta ja guga a rijiya ko ta yi daka ne take tsayawa ta huta. Daga baya shara ma ta gagara. Sati biyu da suka wuce, zuwa bayi da dawowa sai ta zauna a hanya.

"Sallah fa, a tsaye kike yi?"

"Da na samu tsarki a tsaye na fara. Yanzu a zaune. In na kai goshi ƙasa kamar an shaƙe ni."

"Da dare yaya kike kwanciya?"

Ta ce ta daina kwanciya. Bango take jingina da shi, a tara mata matasai a baya. In barci ya sace ta ta zame, sai ta farka a firgice tana neman a buɗe taga. Wannan amsar ta fi mini duk wani gwaji da zan iya aikawa a safiyar nan. Mutumin da numfashinsa ke ƙwacewa in ya miƙe a kwance, ruwa ne ke taruwa a huhunsa, kuma galibi zuciya ce ta gaza tura jinin da ke dawo mata.

Duk da haka ba a kama zato na farko a rufe ido. Sai a bi sauran cututtukan da ke iya kawo haki da kumburi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tari da ya wuce sati biyu, zufar dare, rama, jini a majina? Tarin fuka nake nema. Ta ce tari kaɗan ne, sai ta kishingiɗa yake tasowa. Tun tana yarinya ƙirjinta na yin kuka in an yi hazo? Asma ke nan, ta ce a'a. Ta zubar da jini da yawa a haihuwa? Ƙarancin jini shi kaɗai yana iya gajiyar da zuciya. Fitsari ya ragu, ko yana kumfa, ko fuska na kumbura da safe? Ƙoda. Ido ya taɓa yin rawaya? Hanta. Ƙafa ɗaya ce ta fi kumbura, da sukan ƙirji farat ɗaya? Gudan jini ne da kan toshe jijiya, kuma masu jego na cikin haɗarinsa. Ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi a yarinta? Wannan yana lalata ƙofofin zuciya, sai shekaru sun ja ya bayyana. Kowace a'a ana rubuta ta, don ita ma hujja ce.

Yadda ake tambayar ma da ƙa'ida. In ka ce "ciwon yana tafiya bayanki, ko ba haka ba?", mai kunya za ta ce haka ne, don ba ta son ta ƙaryata likita. Ka sa mata magana a baki, kuma za ka rubuta maganarka da sunanta. Sai dai ka ce, "Nuna mini inda yake. Yana tsayawa nan ko yana zuwa wani wuri?"

Da na zo kan abin da aka yi kafin zuwa asibiti, na ce, "Gwaggo, don Allah duk abin da ta sha ina so in gani, na kemis da na gida. Ba faɗa zan yi ba." Ta yi jim, sannan ta zaro baƙar leda daga ƙarƙashin tabarma ta zazzage a kan gado. Kwalbar maganin tari da ta kusa ƙarewa. Ƙwayoyin asma da mai kemis ya ba ta da ya ji tana haki. Katin diclofenac guda biyu, duk an ɓalle, wai na ciwon jiki. Sai wata gorar ruwa da jiƙon sassaƙe a ciki, launin jan shayi, da ragowar rubutu. Na karanta kowane kati na rubuta. Diclofenac da danginsa irin ibuprofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna kuma taɓa ƙoda, don haka ga mai raunin zuciya ƙara mata kaya suke yi. Da ledar nan ba ta fito ba, da ta koma gida ta ci gaba da sha. Ina roƙon duk mai kai mara lafiya asibiti ya tafi da ledarsa, har da katin da ya ƙare. Kuma ina roƙon 'yan uwana ma'aikata su daina tsawa in an nuna musu jiƙo, domin wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya ba zai sake nunawa ba, amma ba zai daina sha ba.

Na tambayi ko an taɓa kwantar da ita, ko an yi mata tiyata, ko ƙarin jini, ko akwai maganin da in ta sha jikinta ke fesowa da ƙuraje. Duk babu.

Tarihin haihuwa ba a yin sa a gaban manya. Na ce, "Gwaggo, ko za ki ɗan zaga da yaron ya sha iska? Zan duba ta." Ta gane, ta goya shi ta fita. Da farko da na tambayi haihuwa nawa, a gaban Gwaggo ta ce biyu. Yanzu na sake tambaya ta wata hanya: ciki nawa kika taɓa ɗauka, har da wanda ya zube, har da wanda ya koma? Huɗu. Na fari ya rasu yana wata bakwai, kuma ɗan fari dama ba a ambatonsa a gaban iyaye. Ɗaya ɓari ne a wata uku. Ba ƙarya ta yi ba da farko, rayayyu ta ƙirga. Tsakanin wannan yaron da yayarsa bai kai shekara biyu ba.

Ta je awo, amma ba da yawa ba. A wata na takwas aka ce jininta ya hau, aka rubuta mata magani, ta sha na sati biyu ya ƙare ba a sake saya ba. Ta yi ciwon kai da ganin duhu-duhu, Allah ya tsare ba ta yi jijjiga ba. A gida ta haihu a hannun ungozoma. Tun daga ranar ba wanda ya sake auna jininta.

Sai wankan jego. A nan dole a yi taka-tsantsan, don wadda ta dafa ruwan ita ce ke goye da jaririn a waje, kuma da ƙauna ta yi. Ruwa mai zafi safe da yamma, da ganyen darbejiya, har arba'in. Kunun kanwa kullum, mai kauri, don nono ya kawo. Wannan tambayar tana da tarihi a ƙasarmu. A shekarun 1970, a Zariya, likitoci Davidson da Parry sun bi mata masu yawa da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kanwa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano, wanda Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta, ya nuna ba a nan maganar ta tsaya ba: an samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata, ga rashin isasshen abinci mai gina jiki, ga hawan jinin ciki. Don haka ba daidai ba ne a ɗora wa Gwaggo laifi. Amma zuciyar da ta riga ta yi rauni ba za ta ɗauki kunun kanwa ba, kuma sai an tambaya ake sanin ana sha.

Na wuce kan dangi: hawan jini, ciwon sukari, sikila, wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi. Mahaifiyarta na da hawan jini. Sannan zaman gida: sana'ar miji, mutum nawa a ɗaki, ko akwai mai dogon tari, ina ake ɗebo ruwa, da me ake girki, tana cin nama ko ƙwai sau nawa, ko ta yi tafiya kwanan nan. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi ba masu jinya haushi. Amma a 2010, da yara ɗaruruwa suka mutu a ƙauyukan Zamfara, amsar tana cikin irin tambayar nan ce: me ake yi a tsakar gida? Dutsen zinariya ake niƙawa, ƙurar dalma tana shiga cikin yara. Yaron da ke fitsarin jini kuma, tambayar ko yana wanka a kududdufi ita ke kai ka ga tsargiya. Ana tambayar goro da taba da shisha da kayan maye, ga mace da namiji, malami da ɗan kasuwa, da murya iri ɗaya. In ka zaɓi wanda za ka tambaya ta fuskarsa, za ka tsallake masu buƙata.

Daga nan aka bi jiki daga kai zuwa ƙafa da gajerun tambayoyi, ido, kunne, ciki, bayan gida, fitsari, barci, ko wani abu ya kuɓuce. Sai na maimaita mata labarinta a taƙaice don ta gyara ni. Ta gyara wuri ɗaya: kumburin ya riga hakin da kusan sati biyu, ba tare suka zo ba.

Kafin in rufe takarda na ce, "Ke a ranki me kike tsoro game da ciwon nan?"

Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce abu biyu: kada a hana ta shayar da yaron, don ba su da kuɗin madara, kuma kada a ce ta daina haihuwa, don tana da abokiyar zama. Ta ce wata maƙwabciyarsu haka aka gaya mata a asibiti, shi ya sa ita ta yi ta jan ƙafa ba ta zo ba. Wannan ba ya cikin alamomin kowace cuta, amma shi ne dalilin da ya sa ta kai wata biyu a gida tana haki, kuma shi ne zai sa ta sha magani ko ta ajiye in an sallame ta. Na rubuta shi da kalmominta.

Sai bayan duk wannan na taɓa ta: bugun jini mai sauri, jijiyoyin wuya a cike, ƙarar ruwa a ƙasan huhu, hanta ta sauko tana ciwo, ƙafa in ka danna yatsa ramin ya zauna. Hannu da kunne tabbatar da abin da baki ya faɗa suka yi. A 1975 Hampton da abokan aikinsa a Ingila sun bi sababbin marasa lafiya 80, suka ga a 66 daga cikinsu an gano cutar tun daga takardar turowa da tarihi, kafin a duba jiki ko a yi gwaji. A wurinmu, inda kowane gwaji daga aljihun miji ko ɗan uwa yake fitowa, tarihi mai kyau shi ke hana a aika talaka ya biya gwaji biyar alhali ɗaya ake buƙata.

Da Hausa aka yi zancen, da Turanci ake rubutawa a folda. Abokan karatunmu da ba sa jin Hausa sukan nemi tafinta, kuma sau da yawa miji ko suruka ke tsayawa. Mace ba za ta ƙirga ɓarinta ta bakin surukarta ba. In akwai hali, gara a kira nas ko wata ɗaliba.

Washegari a zagayen safe na gabatar da ita cikin 'yan mintoci: shekarunta, ciki huɗu biyu a raye, wata uku da haihuwa, haki mai ƙaruwa, ba ta iya kwanciya, hawan jinin ciki da ba a bi ba, kanwa, diclofenac. Babban likita ya tambaye ni me nake zato da dalilina, na ce gazawar zuciya ta bayan haihuwa, irin wadda ke zuwa daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni biyar bayan sauka. Ya sa a yi hoton zuciya da gwajin jini da na ƙoda. Hoton ya nuna zuciyar ta buɗe, bugunta ya yi rauni.

Da ya ji abin da take tsoro, ya matsa kusa da gadon ya ce, "Malama, ki ci gaba da ba yaronki nono, magungunan da za mu ba ki ba su hana ba." Ya sa aka kira mijin, aka zauna da su biyu a ofis. Ya bayyana musu cewa mata da yawa zuciyarsu na farfaɗowa in an dage da magani, amma ɗaukar ciki kafin ta warke na iya kai ta ga halaka, don haka za a yi tazara, a sake hoton bayan wata shida, sannan a yi maganar gaba. Mijin ya yi tambayoyi, ya amince, aka tura su ɗakin tsarin iyali. Gwaggo kuma ni aka bar wa. Na ce mata a ajiye kanwa, a rage gishiri da dunƙule a miya, kada a sake sayen maganin ciwon jiki a kemis sai an tambaya. Ta ce to nonon fa? Na ce kunun gyaɗa da wake da ganye za su riƙe shi, ta ce wannan mai sauƙi ne, tana da gyaɗa a gida.